Injiniya da rana, makaɗi da dare: yadda ake haɗa aikin fasaha da ganga a Kano

Duk wanda ke aikin fasaha a Kano kuma yake buga ganga a ƙungiyar makaɗa, daren Asabar ne ke kayar da shi. Injiniyan da ke kula da ƙarfen sabis, da mai rubuta manhaja, da mai haɗa sola da inbata, da mai riƙe da kwamfutocin banki, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Na'ura ba ta san ranar hutu ba, masu biki kuma ba sa ɗaga dina don sabis ya ɗauke a Hotoro. Ɗan amshi in ya yi fashi sauran za su rufe gurbinsa ba wanda zai lura, amma in babu mai ganga babu wasa. Don haka abin da za mu bi a nan shi ne yadda za ka tsara al'amuranka kada wata rana ka saɓa wa ɗaya daga cikin iyayen gidanka biyu.

Haɗin ma ba sabo ba ne. Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, yana aikin injiniya a gidan rediyo ya fara buga ganga, lokacin yana ɗan shekara 18. Shi daga baya kiɗan ya kama ɗungurungum. Kai da kake son albashi ya ci gaba da shigowa, sanduna kuma kada su yi ƙura, ga matakan.

Ka fara da takardar ɗaukarka aiki

Ciro ta ka karanta a tsanake, har da ƙananan rubutun da ka tsallake ranar da ka sa hannu cikin zumuɗi. Abu uku kake nema: ko an hana ka yin wata sana'a a gefe, yadda aka tsara jiran kiran gaggawa, da kwanakin hutunka na shekara.

Maganar hutu tana da tarko. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwanakin aiki 6 bayan ya yi wata 12 yana aiki, sai dai ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru da masu aikin fasaha daga waɗanda take nufi da ma'aikaci. Ke nan a wurinka abin da takardar ta ce shi ne hujja. In kuwa ma'aikacin gwamnati ne kai, Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, ban da noma. Kada ka yarda a sa sunanka a matsayin mai ƙungiya ko mai karɓar kwangila sai ka nemi shawarar wanda ya san doka.

Daga nan sai ka je wurin oga da ƙafarka. Da yawa ɓoyewa suke yi, kuma a Kano ɓoyon ba ya daɗewa. Biki ɗaya za ka yi a Nasarawa, kafin gari ya waye bidiyonka yana yawo a WhatsApp, kuma ƙanwar amarya ita ce akantar ofishinku. Ka same shi lokacin da babu wuta a gabansa, ka ce:

"Yallaɓai, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. Ina buga ganga a wata ƙungiya, yawanci daren Asabar. Ba zai taɓa satin da nake jiran kira ba, kuma duk satin da nake da wasa zan sanar tun Litinin."

Kada ka tsawaita, kada ka yi kamar mai ba da haƙuri. Oga ba ra'ayinsa kan kiɗa kake nema ba. Abin da ya dame shi shi ne in ya kira ƙarfe ɗaya na dare wa zai ɗauka.

Kalanda ɗaya, ta shekara guda

Kada ka riƙe ta ofis daban, ta ƙungiya daban. Ɗaya tak, a waya, da launi biyu. Ka fara zuba abin da ba ya motsi: satin jiran kiranka, ƙarshen wata in kana da alaƙa da banki, da dararen da ake gyaran na'urori, wanda a kamfanonin sadarwa yawanci tsakar dare ake yi lokacin da jama'a ke barci.

Sannan ka ɗora shekarar kiɗa a kai, don ita ma tana da kakarta. Watan Sha'aban ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Bayan ƙaramar Sallah da babba a sake cikowa, sai kuma hutun Disamba. Azumi kuwa shiru ne, wasannin biki kusan tsayawa suke yi. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kada ka dogara da lissafin bara, ka sake dubawa.

Ga dabarar da ke cikin wannan: ka ɗauki nauyin abokan aikinka lokacin da kiɗa ya yi sanyi, su ɗauki naka lokacin da ya yi zafi. Ka karɓi jiran kiran wani a cikin azumi, ko ranar Hawan Daushe da kowa ke son kai yara kallo, ka ajiye bashin sai Sha'aban. In a ƙungiyar coci kake bugawa a Sabon Gari, naka zafin safiyar Lahadi ne da Kirsimeti da Ista, kuma musanya da abokin aiki Musulmi ta fi komai sauƙi, tunda ranakunku ba sa karo.

Ka kuma yanka wa kanka iyaka tun yanzu. A ganina mai cikakken aiki bai kamata ya wuce wasa biyu zuwa uku a wata ba, da bita ɗaya a sati. Wanda ya haura haka, ko aikinsa ya fara tangal-tangal ko hannunsa.

Mataimaki biyu, ɗaya a kowane gefe

Nan ne gaɓar da mafi yawa suke faɗuwa, kuma dalilin kishi ne. Makaɗi ba ya son wani ya hau kujerarsa, yana tsoron kada a ga yaron ya fi shi a sallame shi. Injiniya ma haka, sai ya riƙe sirrin na'ura a kansa shi kaɗai don kada a iya yi ba da shi ba. Mai sana'a ɗaya zai iya wannan wasan ya kwana lafiya. Mai sana'a biyu in ya yi shi, kansa ya ɗaure, domin duk wurin da ba a iya yi sai da kai, ba za ka taɓa iya barinsa ka je ɗayan ba.

A gefen ƙungiya, kai za ka nemo mataimakin da kanka, kada ka bar wa shugaba. Cocin Sabon Gari cike suke da samarin da suka taso a kan saitin gangunan zamani. In kalangu ko ganga ta gargajiya ce, akwai 'ya'yan gidajen makaɗa da suka gaji abin amma ba su da wurin bugawa. Ka kawo shi bita sau biyu ko uku ya zauna kusa da kai, daga baya ka tashi ka ba shi kujera a waƙoƙi masu sauƙi kana tsaye kana ji. Ka gaya wa shugaban ƙungiya a fili: "Maigida, wannan shi ne zai tsaya mini duk ranar da aiki ya riƙe ni. Ni na kawo shi, in ya ɓata a wuyana." Shugaban da ya ji haka hankalinsa kwanciya yake yi, don shi ma fargabar ranar yake yi, bai dai faɗa ba.

Sai ka rubuta masa takardar waƙoƙi. Ba sai ka iya rubutun kiɗa irin na makaranta ba, layi biyu ko uku ga kowace waƙa ya isa. Misali: "Ta uku. Gudu 112, wato bugu 112 a minti. Kalangu ke buɗewa, ka shigo bayan amshi na biyu. In mawaƙi ya ɗaga hannun hagu ka rage, kirarin uwar amarya zai yi, kuma yakan ja shi, kada ka gaji ka ƙara sauri. Ƙarshe bugu uku sai tsit." Ka haɗa masa da rikodin na bita a waya. Wannan takardar ce ke raba mataimakin da ya rufa maka asiri da wanda ya tsaya yana raba ido a gaban jama'a.

Ranar da ya tsaya maka, ka ba shi kasonka duka. Kada ka cire komai da sunan kai ne mai kujera. In da kayanka ya yi amfani, ku yi maganar sanda da fatar da ta fashe tun kafin a fara.

A gefen ofis abin ɗaya ne, kuma ka fi kowa sanin yadda ake yi. Ka rubuta bayanin duk abin da ke hannunka: wace na'ura ce ke yawan ba da matsala, me ake dubawa da farko, lambar wa ake kira in janareta ya ƙi tashi, ina makulli yake. Kalmomin sirri su zauna inda kamfani ya amince, ba a kanka kaɗai ba, ba kuma a saƙon waya ba. Ranar Juma'a kafin a tashi masallaci ka zauna da wanda zai riƙe maka na minti goma, ku bi takardar tare. Musanyar kuma ta zama a rubuce, oga yana gani, don musanyar baki ita ce ke zama gardama ranar Litinin.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: satin da kake jiran kira ba ka karɓar wasa. Ko nawa ne kuɗin, ko bikin abokinka ne. Za ka ji ana cewa ai ba lallai a kira ba, ka zo da kwamfutarka ka ajiye gefe. Ka yi tunanin yadda abin zai kasance. Ango da amarya sun shigo fili, waya tana rawa a aljihunka, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Ko ka tashi ka kashe wa mutane biki, ko ka zauna ka bar unguwa guda ba sabis. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya gwada a daren nan yawanci duka biyun yake zubarwa.

Minti ashirin kullum

Ba ka da awa huɗun da makaɗi mai zaman kansa yake da su, don haka ka daina auna kanka da shi. Minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu da maimaici yake koyo, kuma in ka bar shi kwana shida sai ka sake faro abin da ka riga ka wuce.

Kayan aikin ba su da yawa: faifan roba na atisaye, sanduna biyu, da manhajar metronom a waya, mai ba ka ƙwanƙwasa daidai da gudun da ka zaɓa. Sanda mai lamba 5A ita ce matsakaiciya da ta dace da yawancin hannu, 7A ta fi siranta, 5B ta fi kauri. Ka raba mintocin kashi uku. Biyar na farko bugun ɗaiɗai, dama hagu dama hagu, a gudu 60, har sai sautin hannu biyun ya zama ɗaya. Biyar na biyu bugun bibbiyu, sai wanda ake kira faradidil: dama hagu dama dama, hagu dama hagu hagu. Goman da suka rage ka kashe su a kan gaɓar da ta ba ka wahala a bitar da ta wuce, ita kaɗai, a hankali, kana ƙara gudu da biyar biyar. Kada ka ɓata su kana buga abin da ka riga ka iya don ka ji daɗin kanka.

Lokacin da ya fi tsira shi ne bayan sallar Asuba kafin ka fita, don na yamma kullum akwai abin da zai cinye shi. Faifan roba ba ya tashin kowa. Ainihin ganga kuwa a gidan haya ko cikin lungun Birni rigima ce da maƙwabta, kuma suna da gaskiya. Ka bar ta sai wurin bita. Gangar lantarki irin ta Roland ko Yamaha ko Alesis tana magance ƙara tunda a kunne kake ji, amma bugun feda yana bin daɓe, na ƙasa zai ji in a bene kake. Ita kuma, tunda kai ne mai haɗa inbata, kada ka jona ta kai tsaye a wutar Nepa.

Mai kalangu atisayensa daban ne, don rabin aikin a hammata yake, wurin matse tsarkiya da saki. Wannan ba ya koyuwa a faifan roba. Ka lulluɓe fatar da tsumma ka yi a hankali, ko ka nemi fili can bayan gari.

Hanya ma makaranta ce. Cunkoson Kurna ko na Titin Zariya da yamma ya ishe ka sauraron rikodin ɗin bita sau biyu, in ba kai ke tuƙi ba.

Ranar wasa

Ka haɗa kaya tun daren jiya: sanduna na ajiya, makullin ɗaure ganga, salatif, ɗan kafet da zai hana babbar gangar ƙafa zamewa a kan tayil, matoshin kunne, rigar canzawa. Kada ka bar ganguna a but ɗin mota tun safe. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin mota kuma ya fi haka nesa, yana lanƙwasa roba yana sakin gam. Gangar fata kuwa yanayi take bi. Da hunturu tana bushewa ta ɗaure har ta iya tsagewa, da damina ta sha laima ta saki, sai an ɗan gasa ta kafin sautinta ya dawo. Ka isa da wuri don ta saba da sanyin ɗakin taro kafin ka ɗaure ta.

Kamu da wunin biki da rana ake yi, sun fi sauƙi ga mai aiki in sun faɗo ƙarshen sati. Dina ita ce matsala, don katin zai ce ƙarfe bakwai amma amarya ba za ta shigo ba sai tara ta gota. Ka tanadi abin hawan komawa tun kafin ka fita. An hana acaɓa a birnin tun 2013, kuma a 2022 gwamnati ta hana a-daidaita-sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko da an sassauta, samun mai ɗaukar ganguna biyar tsakar dare ba abin dogaro ba ne. Ku yi jinga da direba ɗaya da kuka sani.

Ku kuma san dokar gari, don tana sauyawa. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido kan mawaƙa da harkar nishaɗi, Hisba ma tana shiga maganar bukukuwa. Shugaban ƙungiya ya je ya tambayi abin da ake buƙata na rajista, kuma mai biki ya tabbatar wurin da lokacin ba su saɓa ƙa'ida ba. Kai da kake da katin shaidar kamfani a aljihu, kama ka a wurin da aka rufe ya fi yi maka tsada fiye da kowa a ƙungiyar.

Kunne da wuyan hannu

Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ya ce ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) awa 8 ne iyakarta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan. Saitin ganguna kusa da lasifika yana kai wannan cikin sauƙi, kai kuma wataƙila ka wuni kusa da janareta a Sharada ko Bompai, ko a ɗakin manyan kwamfutocin kamfani mai gurnanin fanka. Kunnen ɗaya ne, lissafin haɗuwa yake. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ka sa matoshi a bita da wasa duka. In kana jin ƙugi a kunne har washegari, ka je a gwada jinka a asibiti.

Wuyan hannu ma aiki biyu yake yi, madannan kwamfuta ko sukundireba da rana, sanda da dare. Ka sassauta riƙo, ka bar sanda ta dawo da kanta maimakon ka ɗago ta da ƙarfi. In yatsu sun fara mutuwa da dare ko kana jin zugi, kada ka danne da maganin ciwo ka ci gaba, ka huta ka ga likita.

Bayan dina kada ka yarda ka hau ƙarfen sabis ko rufin sola da sassafe, kada kuma ka taɓa babban gyara a na'urar da jama'a ke dogaro da ita. Ka sa aikin takarda a wannan safiyar.

Kuɗi

Ka buɗe asusu daban don kuɗin kiɗa. Daga ciki za ka sayi fata da sanda, ka biya mota. In bayan wata shida asusun yana cin albashinka, ka san sha'awa kake yi ba sana'a ba, kuma wannan ba laifi ba ne muddin ka sani kuma iyali sun sani.

A karɓi kafin alƙalami kafin a sa rana a kalanda, a kuma yanke rabon kowa kafin a hau dandamali. Akwai kwaɗayin da ke zuwa wa mai albashi, ya ce shi ba ya buƙata, a bar nasa. Kada ka yi. Kana karya wa abokanka farashi ne, waɗanda da wannan suke cefane, a garin da fiyano ɗaya da DJ suka riga suka kwashe rabin aikin makaɗa. Ka karɓi kasonka, in ka ga dama ka yi kyauta da shi daga baya.

Liƙi kuma a yi hattara. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma an gurfanar da mutane a kai a 2024. Ku ajiye tire a gaba, ku manna lambar asusu a jikin lasifika.

Gida

A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma har yau akwai gidajen da ba sa son jin surukinsu makaɗi ne, komai digirinsa. Wannan ba ka gyara shi da musu. In kana neman aure ka faɗa tun farko, kada waliyyi ya ji a bincike. In kana da iyali, uwargida ta ga kalandar nan kafin shugaban ƙungiya ya gani, kuma a ware Asabar ɗaya a wata da babu ofis babu ganga. Ga mata masu wannan haɗin, maganar dawowa da dare ta fi nauyi, don haka wasannin rana da aikin situdiyo irin na Zoo Road sun fi dacewa da su, tunda ana iya sa masa lokaci.

Kowane azumi, da yake ganga tana hutawa, ka zauna da kalandar shekarar da ta wuce ka ƙirga abu uku: sau nawa ka makara ofis bayan wasa, sau nawa mataimaki ya tsaya maka, da abin da ya rage a asusun kiɗa. In mataimaki ya buga fiye da rabin wasannin, ka je wurin Maigida ku juya tsarin, shi ya zama mai kujera kai kana karɓarsa a ranakun da ka tabbatar, sannan ku sake dubawa bayan babbar Sallah.